Babi na Shida: Baƙin Kaka a Ruwayen Kumasi

Daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, kowace shekara ta Allah, akwai tsuntsayen da kan sauka a bakin ruwayen da ke kewaye da Kumasi waɗanda ba a ƙasar nan aka ƙyanƙyashe su ba. Wasu sun taso ne daga gaɓar kogunan Sikotland da Suwidin da Rasha, sun ƙetare Bahar Rum, sun ratsa Sahara. Wasu kuwa tafiyarsu ba ta kai haka nisa ba. Daga ƙasar Hausa suke, wajen Damagaram da Maraɗi da arewacin Katsina, sun baro gida bayan damina ta ɗauke. Sukan iso a rame, su ci, su sha, su murmure. Waɗansu su zauna da mu har bazara, waɗansu su yi 'yan kwanaki su ƙara gaba.

Mazaunin Manhyia ko Sabon Zongo ko Aboabo zai iya tsufa a garin nan bai san ana wannan hidima ba, alhali tsakaninsa da inda ake yin ta bai wuce tafiyar sa'a guda a mota ba. Abin da ya fi haka ma, ruwan da baƙin nan ke sauka a bakinsa shi ne ke fitowa a famfon gidajenmu da na masallatanmu. Da shi muke alwala, da shi ake dama koko. Saboda haka zancen tsuntsayen ƙaura a Kumasi zancen ruwan shanmu ne, kuma a kan wannan babin ya tsaya.

Abin da ke taso su

Mutane kan ɗauka sanyi ne ke korar tsuntsu daga Turai. Yunwa ce ke korarsa. Gashin jikinsa na iya kare shi daga sanyi, amma da zarar kaka ta yi nisa a can, ƙwari sukan ɓace, tabkuna su fara daskarewa, yini ya gajarta har lokacin kiwo ya kasa isarsa. Mai cin ƙwari da mai kamun kifi da mai tonon laka, dole kowa ya nemi wani wurin. Tun kafin abincin ya ƙare, gajartar yini kan sanar da jikinsu cewa lokaci ya yi. Sai tsuntsu ya kama ci ba ƙaƙƙautawa, yana tara kitse a ƙarƙashin fata. Ɗan ƙaramin da nauyinsa bai wuce giram 12 ba yakan kusa ninka kansa kafin ya fuskanci hamada. Kitsen nan shi ne guzurinsa na abinci, shi ne kuma na ruwa, domin idan jiki ya ƙona kitse yakan samar da ruwa.

Guzurin kuwa sai ya zama mai yawa, don faɗin Sahara daga arewa zuwa kudu ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000. Yawancin ƙananan da dare suke tafiya. In gari ya waye su laɓe a inuwar dutse ko gindin wani ƙaramin itace, ba ci ba sha, sai magariba ta yi su sake tashi. Akwai kuma waɗanda ba sa sauka sam. A shekarar 2011 masana na Jami'ar Lund da ke Suwidin suka bayyana sakamakon na'urorin da suka ɗaura wa wani tsuntsun fadama mai dogon baki: ɗaya daga cikinsu ya yi fiye da kilomita 6,000 cikin kwana uku da rabi, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Hanya kuma suna gane ta da rana, da taurari, da maganaɗisun ƙasa da Allah ya ba su ikon ji a jikinsu. Tsuntsun da Turawa ke kira kuku ma a sheƙar wani yake tashi, bai taɓa ganin iyayensa ba, amma in lokaci ya yi shi kaɗai yake kamo hanyar Afirka.

Su kansu Turawan sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. Har cikin ƙarni na 18 akwai masanan da ke cewa tsattsewa nutsewa take cikin laka a ƙarƙashin tabki ta yi barci har sanyi ya wuce. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, da doguwar kibiya irin ta mafarautan Afirka soke a wuyanta. Da kibiyar ta yi tafiyar dubban kilomitoci ta koma gida. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci ɗaya a wata ƙasa ya aiko da labari. Da irin waɗannan zobba, waɗanda masunta da mafarauta da yara suka riƙa cirewa a ƙafar tsuntsaye a Mali da Ghana da Nijeriya, aka zana taswirar hanyoyin ƙaura. Masanin nan Reginald Moreau, a littafinsa na 1972, ya ƙiyasta cewa tsuntsaye biliyan 5 ke shigowa Afirka duk kaka daga Turai da Asiya. Wani lissafi na 2009, wanda ya tsaya kan ƙananan tsuntsayen Turai kaɗai, ya ba da biliyan 2.1.

Ruwa uku

Kumasi garin kurmi ne, kuma kurmi ba wurin manyan garkunan tsuntsayen ruwa ba ne. Agwagin daji da ke zuwa daga Turai dubbai a arewa suke tsayawa, inda kogi ke malala a fili: fadamun Kogin Kwara a Mali, Tafkin Chadi, dausayin Haɗejiya da Nguru. Masu tonon laka kuma yawancinsu gaɓar teku suke bi, su sauka a Keta da Songor da Sakumo da bakin Kogin Densu da Muni. Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗaruruwan kilomitoci na itatuwa da gonakin koko da garuruwa, inda buɗaɗɗen ruwa ya yi ƙaranci. Wannan ƙarancin ne ya ba ruwayen Kumasi daraja. Tsuntsun da ya biyo ta nan ba shi da zaɓi mai yawa.

Na farko shi ne Owabi, kimanin kilomita 23 arewa maso yamma da gari, ta hanyar Sunyani, wajen Akropong. A 1928 aka gina madatsar ruwa a nan don shayar da Kumasi, aka kuma hana sare dajin da ke kewaye da ita domin kare ruwan. Abin da aka yi don mutane sai ya amfani dabbobi. Dajin, mai faɗin murabba'in kilomita 13, ya zama mafakar birai da tsuntsaye, kuma an lissafa jinsunan tsuntsaye kimanin 160 a cikinsa. A 1988 Owabi ya shiga jerin dausayoyin da duniya ta amince a kare ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Shi ne na farko a Ghana. Guda biyar da suka biyo baya a 1992 duk a gaɓar teku suke, don haka Owabi ne kaɗai irinsa a cikin ƙasa.

Na biyu shi ne Barekese, a kan Kogin Offin. Tun 1971 ya karɓi babban nauyin shayar da garin, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan famfon Kumasi daga nan yake fitowa. Ya fi Owabi girma nesa ba kusa ba, yana da lunguna da yawa inda ruwa ya kutsa cikin tsofaffin kwaruruka.

Na uku ba ɗan Adam ne ya gina shi ba. Tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da gari, rami ne da wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Faɗinsa ya kai kilomita 8, zurfinsa ya kusa mita 80, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Tonawa suna girmama shi ƙwarai, masuntansa kuma a kan falankin itace da suke kira padua suke hawa ruwa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 2016. Amma ga mai neman tsuntsayen laka, Bosomtwe ba ya cika ba da abin da girmansa ya alkawarta, domin gaɓarsa gangare ce, laka kaɗan ce. Masu kamun kifi da masu cafkar ƙwari a iska su ne suka fi jin daɗinsa.

Akwai wani abu game da lokaci da ya kamata mai kallo ya sani. Kakar Turai tana haɗuwa da ƙaramar daminar Kumasi, wadda ke sauka daga Satumba zuwa Nuwamba. A lokacin madatsu cike suke, ruwa ya haura har cikin ciyawa, babu filin laka. Saboda haka masu wucewa sukan rarrabu, ɗaya nan biyu can, a bakin magudanar dam, a kan duwatsu, a gonakin shinkafa irin na kwarin Anum wajen Nobewam. Sai hunturu ya kama a Disamba, ruwa ya fara ja da baya, sannan gaɓa ta buɗe, waɗanda suka zauna su fito sarari.

Abin da ido zai gani

Wanda ya fi kowa saurin isowa, tun cikin Agusta, ɗan ƙaramin tsuntsun bakin ruwa ne wanda bai kai kurciya ba. Bayansa ruwan ƙasa ne, cikinsa fari fat, farin kuma ya ɗan haura gaban kafaɗarsa. Alamarsa da ba ta ɓuya ita ce kaɗa gindi: ko yana tsaye ko yana tafiya, bayan jikinsa na hawa da sauka ba hutawa. Yakan bi layin da ruwa ya haɗu da ƙasa, ya yi taku uku ya tsaya, ya miƙa wuya a hankali, ya tsinci ƙwaro a kan dutse. In ka matsa kusa sai ya tashi da siririn fito mai kaifi, ya bi saman ruwa ƙasa-ƙasa, fikafikansa a lanƙwashe suna karkarwa, ya yi ɗan zagaye ya sauka can gaba. Nauyinsa bai wuce giram 50 zuwa 60 ba. A watan Yuni yana bakin wani rafi mai sanyi a arewacin Turai yana gadin ƙwai huɗu. Yau ga shi a bakin simintin Owabi. Yakan kama ɗan yanki na gaɓa ya hana 'yan'uwansa shiga, don haka in ka gan shi a wuri yau, ka koma gobe, da wuya ka rasa shi.

Yana da ɗan'uwa mai ɗan tsayin ƙafa, ƙafafun rawaya-rawaya, bayansa da ɗige-ɗigen fari, da farin layi a kan ido. Wannan ya fi son ruwa mai ciyawa da gonar shinkafa. Akwai kuma babbansu, mai korayen ƙafafu da baki mai ɗan ɗagowa sama, wanda kan shiga ruwa har gwiwa yana bin ƙananan kifaye da gudu.

Cikin zalɓuna ma akwai baƙi. Wani gajere ne, launin ƙasa-ƙasa, wanda in ya tsaya cikin bado da kainuwa ba ka ganinsa, amma da ya buɗe fikafikai sai ka ga fari tas ya tashi. Wani kuma dogo ne, siriri, mai jan wuya, mai son ɓuya a cikin ciyawar ruwa. Dukansu akwai 'yan gida a cikinsu, akwai masu zuwa daga Turai, kuma ido ba ya raba su. Yawansu da ke ƙaruwa a kaka shi ne shaidar cewa baƙi sun iso.

Da yamma, dubi saman ruwa. Tsattsewar Turai tana nan, tana shafar ruwa tana cafkar ƙwari. Goshinta da maƙoshinta ja ne mai duhu, da baƙar ɗamara a ƙirji, ciki fari-fari, wutsiya mai reshe biyu. A wannan lokaci za ka gan ta a ɗan yamutse, don a Afirka take zubar da tsohon gashi ta yi sabo. Nauyinta kusan giram 20 ne. In rana ta faɗi sukan taru su kwana cikin dogayen ciyayi. A Boje, cikin jihar Kuros Riba ta Nijeriya, akwai makwancin da ake ƙiyasta masu kwana a cikinsa da miliyoyi.

Wanda ya yi sa'a kuma zai ga shahon kifi. Babba ne, buɗin fikafikansa ya haura mita ɗaya da rabi, samansa baƙi-baƙi, ƙasansa fari, da baƙin layi da ya ratsa ido. Yakan yi shawagi a kan ruwa, ya tsaya cak a iska yana kaɗa fikafikai, kai a sunkuye. Sai ya naɗe su ya sulmiyo, a daƙiƙar ƙarshe ya miƙa ƙafafu gaba, ya faɗa ruwa da ƙarfi har wani lokaci ya nutse gaba ɗaya. In ya taso yakan girgiza jiki a sama ya zubar da ruwa, sannan ya juya kifin da ƙafafunsa, kai na kallon gaba, don iska kada ta ja shi baya. Ba ya cin kaza, ba ya ɗaukar ɗan tsako. Kifi kaɗai ne abincinsa, kuma daga Finland ko Suwidin ko Jamus ya zo nemansa.

A gefen waɗannan duka akwai 'yan gida da ba sa zuwa ko'ina mai nisa: kirinjijiya mai fito, balbela, da tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke takawa a kan ganyen bado. Sanin 'yan gida shi ne matakin farko na gane baƙo.

Masu zuwa daga ƙasar Hausa

Ƙaura ba ta Turai kaɗai ba ce. Duk Bahaushe ya san shamuwa, wadda isowarta kan kuka da tsamiyar gari ke nufin damina ta ƙarato. A ƙasar Hausa take sheƙa, in kaka ta yi ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Shirwa kuwa tamu ce a nan Kumasi. Wajen Oktoba za ka ga ta cika sararin Kejetia da Asawase da bakin mahauta, ta yi rani da mu, in ruwa ya sauka sosai ta koma arewa. Yawancinmu muna ganinta kullum har ba mu lura cewa akwai watannin da babu ita ba.

Akwai kuma wani kyakkyawan tsuntsu mai cin ƙudan zuma, kore mai haske, kansa da zanen baƙi da fari, da siraran gashi biyu dogaye a tsakiyar wutsiya. A bakin hamada yake haƙa rami cikin yashi ya yi ƙwai da damina, a Nijar da can ƙuryar arewacin Nijeriya. Daga ƙarshen Oktoba yake bayyana a kurmi garke-garke, ya jeru a kan wayar lantarki da busassun rassa a bakin Owabi da harabar jami'ar KNUST, yana tashi ya cafko ƙwaro ya dawo mazauninsa. Masana sun ga yadda yake jira a ƙarƙashin itacen kwakwar manja, in kuregen bisa yana ɓare 'ya'yan, shi kuma ya riƙa cafke ɓawon da ke faɗowa tun bai kai ƙasa ba. Wajen Mayu yake juyawa gida.

Mu mutanen Zongo mun fi kowa cancantar fahimtar wannan tafiya. Kakanninmu fatake ne. Daga Kano da Katsina da Sakkwato suke tasowa da jakuna, su bi ta Yawuri da Nikki da Djougou da Sansanne Mango da Yendi har Salaga, su sayi goron Gwanja su juya, tafiyar watanni. Bayan yaƙin Salaga na 1892, da shigar Turawa Kumasi, da isowar jirgin ƙasa a 1903, da yawansu suka gangaro suka zauna a nan. Madugu ya san cewa ayari ba ya rayuwa da ƙarfin ƙafa kaɗai. Da zango yake rayuwa. In rijiyar zango ɗaya ta ƙafe a tsakiyar hanya, ba ruwan ayari da cewa sauran rijiyoyin cike suke, asara ta riga ta auku. Haka lamarin tsuntsun ƙaura yake.

An ga wannan ƙarara a 1969. Da bazarar shekarar, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsun shinge mai farin maƙoshi, wanda a da yake ko'ina, ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. A Ingila babu abin da ya canza. Da aka bi sawu sai aka gano damina ce ta gaza a yankin Sahel a 1968, farkon farin nan da ya kai ga yunwar 1973 wadda tsofaffinmu ba su manta ba. Farin da ya kashe shanun Fulani shi ya kashe tsuntsayen. Daga waɗannan shekaru zuwa shekarun 1980, Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. A Haɗejiya da Nguru kuma, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadama, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, manomi da masunci da tsuntsu duk suka ji a jika.

Ghana ma zango ce a kan hanyar komawa. Tun 2011 masana a Ingila ke bin tsuntsun kuku da tauraron ɗan Adam. Sun gano yana cin rani ne a dazukan Kwango, amma in zai koma yakan ratso yamma ya tsaya a Ghana da Kodebuwa wajen Maris da Afrilu, lokacin da ruwan farko ke fito da ƙwari, ya tara kitse a nan kafin ya tunkari Sahara.

Abin da ke cin ruwan

Ruwa ba ya tsami banza. Lokacin da aka gina Owabi, daji ne tsakaninsa da gari. Yau gari ya cim masa. Rafukan da ke ciyar da shi ta cikin unguwanni suke ratsowa, wajen Kronum da Bremang da Abrepo da Suame, suna ɗauko abin da aka zuba musu: ledar ruwa, ruwan kwata, baƙin man gareji. An yanka filaye an yi gini a inda doka ta hana. A Barekese ana sare itatuwa a yi gona har bakin ruwa. A kan Offin kuma galamsey ya mayar da dogon yanki na kogin ruwan laka, har Sarkin Tonawa, Otumfuo Osei Tutu II, ya sauke wasu sarakunan gargajiya daga kujerunsu saboda hannu a cikin wannan haƙar zinariya.

Yadda ɓarnar ke aiki a fili take. In aka sare itace, ruwan sama yakan kwashe ƙasa ya zuba a madatsa. Madatsa ta cike da yashi, ruwan da take riƙewa ya ragu, a tsakiyar rani famfo ya ɗauke. Ƙazantar gari kuma taki ce ga ciyawar ruwa, sai ta yaɗu ta rufe fuska, in ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Kifi ya ragu, zalɓe da shahon kifi su rasa abinci. Mai tace ruwa kuma dole ya ƙara magani, kuɗin ya dawo kan mai saye. Tsuntsu ne ke fara gudu, mutum ya biyo baya da jarka a ka.

Kada mu ce nesa ne da mu. Rafin Aboabo ta tsakiyar unguwanninmu yake wucewa, kowa kuma ya san halin da yake ciki. Ba Owabi yake zuwa ba, Sisa yake faɗawa, daga nan Oda, inda wasu bayin Allah ke ban ruwan latas da kabeji da ke dawowa kasuwanninmu. Kada kuma mu ce tsuntsu mai yawa ba ya ƙarewa. Wanda ya girma a Kumasi ya san yadda ungulu take cika rufin mahauta da kasuwa. A 2015 aka sa irin wannan ungulu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya.

Gyara kuma mai yiwuwa ne, an ma taɓa yin sa a ƙasar nan. A da yaran gaɓar teku suna ɗana tarko suna kama wasu fararen tsuntsayen teku da ke zuwa daga Birtaniya da Ayalan, don wasa kawai. A 1985 aka fara shirin ceton tsuntsayen gaɓa, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta yi fice a cikinsa. Aka shiga makarantu, aka kafa ƙungiyoyin yara masu kula da namun daji, aka riƙa ƙidaya wata-wata. Ƙidayar nan tana cikin hujjojin da suka sa aka kare dausayoyin gaɓa biyar a 1992.

Aikin da ya rage mana

Kallon tsuntsu ba ya bukatar dukiya. Daga Manhyia ka gangara Kejetia, ka hau motar Abuakwa da Akropong bayan sallar asuba, domin daga fitowar rana zuwa hantsi ne tsuntsu ya fi motsi. A Owabi ka fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji, su ne masu izini, su ne kuma suka san hanya. Ka sa tufafi marasa haske, ka rage magana, ka sa rana a bayanka. Madubin hangen nesa yana taimakawa, guda ɗaya ya ishi mutum biyar. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne littafi da biro: kwanan wata, wuri, abin da ka gani, guda nawa, me yake yi. In ba ka san sunansa ba, rubuta girmansa, launin ƙafa, tsayin baki, yadda yake tashi. Mai waya zai iya shigar da abin da ya gani a manhajar eBird, inda masana na duniya ke ɗiba. An lissafa jinsunan tsuntsaye kusan 750 a Ghana, amma yawancin masu zuwa kallo baƙi ne da kan yi kwana ɗaya su wuce. Mazaunin gari da ke komawa wuri ɗaya wata bayan wata shi ne ke iya cewa bana an makara, ko bana an ragu.

Akwai kuma ilimin da ke gidajenmu. Tsofaffin da suka taso a arewa sun san dinya da gauraka da jinjimi da zakaran ƙeƙuwa da borin tunke, sun san lokacin zuwan kowanne da abin da yake nunawa. Yaran da aka haifa a Zongo da yawa ba su wuce tattabara da hankaka ba. A zauna da tsofaffin nan a rubuta tun suna raye.

Addininmu bai bar mu a duhu ba. Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, kuma hadisi ya yi hani mai tsanani ga ƙazantar da mashayar jama'a. Dokar ƙasa ma ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, daidai lokacin da baƙin nan ke isowa a gajiye.

Don haka kirana ga limamanmu shi ne su sa tsabtar rafi da kwata cikin huɗuba. Sarakunan Zongo da shugabannin matasa su tsaya a kan zubar da shara a Aboabo. Masu aikin gareji su tara baƙin mai a durom, kada ya bi kwata. Mai neman fili ya bincika kafin ya biya, in a bakin madatsa ne ya haƙura. Iyaye su karɓe danƙo daga hannun yaro su ba shi littafi. Malaman makarantunmu kuma, na allo da na boko, su riƙe Asabar ta biyu a watan Oktoba, ɗaya daga cikin ranakun da duniya ta keɓe wa tsuntsayen ƙaura, su ɗauki ɗalibai su kai su Owabi su ga inda ruwan shansu yake fitowa da waɗanda suke sha tare da su. Yaron da ya ga haka da idonsa zai yi wuya ya girma ya zuba shara a rafi.